Takaba da Miji a Ɗaki

Madubi na fara cirewa. Ranar da muka dawo daga Kano karo na biyu, Malam ya tsaya a gaban madubin da ke jikin bango, ya daɗe yana kallon ƙasusuwan wuyansa, sannan ya kwanta. Da barci ya ɗauke shi na sauke madubin, na naɗe shi a tsohon zane, na tura ƙarƙashin gadona. Ban tuna cewa ni ma ba ni da wani madubin ba.

Malam mijina ne. Haka nake kiransa tun da aka kawo ni Birnin Kudu daga Fagam, ko da yake ba karantarwa yake yi ba. Manomi ne, da rani kuma ya sayi riɗi da gero a kasuwannin ƙasar Gwaram ya kawo gari. Ciwon da ciki ya fara. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, ya sha maganin kemis, har aka tura mu Kano. A can likita ya kira ni tare da wansa, wanda duk muke ce wa Yaya, ya ce ciwon daji ne a hanji. Ya ce za a riƙa ɗaura masa wani ruwan magani lokaci zuwa lokaci, amma kafin kowane zuwa sai an gwada jininsa a gida. Idan jinin bai kai ba, kada ma mu taso. Ya ce jini daga abinci yake zuwa, don haka a lallaɓa shi ya ci.

Tun a barandar asibitin Yaya ya tare ni.

"Ba wanda zai gaya masa sunan ciwon nan. Kin ji ni ko? Na san ƙanena. Yana ji zai saki jiki. A ce masa gyambon ciki ne."

Na ce to. Amma abin ya tsaya min a rai, har na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko wannan ƙarya ce. Ta ce muddin ban faɗi abin da ba haka ba da bakina, shiru ba ƙarya ba ne. Sai na koyi shiru. Idan Malam ya ce, "Wai me suka ce ne?" sai in ce, "Sun ce ka ci abinci." Hakan kuwa sun faɗa.

Ni mai yawan damuwa ce. Idan na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa ta, idan na ba shi magani sai na sake duba kwalin ko na ba shi wanda ba shi ba. Ruwan maganin nan yana sa ya ji kowace ƙara a tsakiyar kansa, don haka na daina daka a gidan, na koma kai gero inji. Ƙamshin miya yana tayar masa da zuciya, sai na daina hura wuta in ba ta kununsa ba, ita ma can bayan rumbu. Maƙwabta suka ga ba hayaƙi a gidanmu, Allah ya saka musu da alheri, suka riƙa aiko min da tuwo a rufe. 'Yan matanmu biyu da suka rage a gida, ƙaramar ta kama tari, nas ɗin da take gwada masa jini ta ce mai shan wannan magani ba a son tari kusa da shi, sai na tura su duka Fagam wajen Inna, ƙanwar mahaifiyata da ta riƙe ni. Na kashe rediyo. Zakaran gidan na kai wa ƙanwar Malam. Masu dubiya sun yi yawa, ɗakin kuma ƙarami, sai Yaya ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza su zauna su yi addu'a su shafa su tafi. Mata kuma su shigo tsakar gida su zauna kusa da ni, muna magana ƙasa-ƙasa.

Ni kaina ma haka. Turare yana sa shi amai, na bari. Awarwaro suna ƙara, na zare. Ɗan kunnena ya karce shi a kumatu wata rana da nake ɗaga shi, na cire su biyun. Kwalli kuwa ba madubi. Kitsona ya tsufa, na tsefe da niyyar in je a sake, amma ban sami wanda zuciyata ta yarda in bar masa shi ba, kuma ina jin nauyin a gan ni zaune ana yi min kitso ana hira mijina yana can yana murƙususu. Zane ɗaya mai duhu da hijabi ruwan toka na riƙe, don su ne ba sa nuna dauɗa, kuma suna saurin bushewa. Kowane abu da dalilinsa. Har yau idan na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda zan ce da ban yi ba.

Bazara ce lokacin. Wanda ya san garinmu ya san yadda duwatsun nan suke shan rana su dawo da ita cikin gidaje. Da tsakar rana unguwa takan yi tsit, ko akuya ba ta kuka, sai kurciya can nesa. Maganin rage zafin ciwo yana sa Malam barci da rana, ya farka bai san ko safiya ce ko yamma ba. Ni kuma in shimfiɗa tabarma a kusurwar ɗakinsa in zauna da carbi, ina kallon ƙirjinsa ko yana ɗagawa.

Wata rana tsakanin hantsi da azahar na ɗaga kai na ga idonsa a buɗe. Ban san tun yaushe yake kallona ba.

Ya ce, "An yi sadakar uku?"

Na ɗauka wani ne ya rasu ban ji ba. "Ta wa, Malam?"

Ya mayar da ido kan rufin ɗaki, leɓensa yana motsi.

Washegari ya ƙi kunu. Da can yakan gwada, ya sha ya dawo da shi, ya ce in yi haƙuri. Wannan karon murmushi ya yi, irin wanda babba yake yi wa yaro idan ya kawo masa tuwon ƙasa.

"Ki daina wahalar da kanki. Ki ba yaran unguwa sadaka."

"Malam, naka ne. Sha ko kurɓi ɗaya."

"Su wa suka yi min wanka?"

"Ai ni nake yi maka kullum."

"A'a, ba wannan ba. Na ƙarshen."

Na taɓa goshinsa, ba zazzaɓi. Muryarsa a natse take, ta ma fi ta kwanakin baya fita. Ya tambaye ni ko an sami wuri kusa da mahaifinsa. Ya ce shi bai damu ba, bai ji zafin komai ba, abu ɗaya ne kawai yake ba shi mamaki: har yanzu ba a zo tambaya ba. Yana ta jira. Motsin leɓen nan da nake gani, ashe bitar amsoshin kabari yake yi, kada ya rikice idan an zo.

Na aika aka kira Yaya. Ya shigo da ƙarfinsa, ya kama hannun ƙanensa ya matse.

"Kai, wane irin zance nake ji? Ga ni, ga ka. Ka ji hannuna ko ba ka ji ba?"

Malam ya ce, "Na ji, Yaya. Allah ya saka da alheri da ka riƙe min gida. Gonar fadama ka bar wa yaran nan mata."

Yaya ya fito tsakar gida yana share gumi, ya ce min a hankali wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ta shiga. Da yamma ya kawo malamai suka zauna a bakin ɗakin suka yi karatu mai tsawo. Da suka tafi na shiga. Malam yana kwance, fuskarsa fes.

"Sauka suka yi min? Kai, Yaya ya yi ƙoƙari."

Na kira nas a waya. Ta ce maganin da rashin cin abinci sukan rikita tunani, in rage ƙwaya ɗaya, in matsa masa da abinci. Ta tuna min ranar gwajin jini ta matso, kuma a yadda nake faɗa, jinin ba zai kai ba. Na rage ƙwayar. Ya fi daɗewa a farke, amma zancensa bai canza ba. Ruwa kaɗai yake bari in ɗiga masa, shi ma don kada in yi kuka. Kullum in dama kunu, kullum ya huce a kwano. Ni ma na daina iya cin tuwon maƙwabta, sai in buɗe in rufe. Na fara jin tsoron shiga ɗakin, abin da ban taɓa ji ba. Mutum yana numfashi, yana amsa sallama, amma yana kallona kamar daga ƙetaren kogi. Akwai lokacin da na tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu, na kama kaina ina tunanin ko shi ne mai gaskiya, ko ni ce ban fahimci abin da ya faru ba. Na yi a'uziyya na shiga.

Ana cikin haka wata mata ta zo daga Zandam, matar wani da Malam yake sayen riɗi a hannunsa. Asibiti ta kawo jikarta, ta ce bari ta biyo ta gaishe mu, ba ta ma san yana jinya ba. Ta ga tabarmi da maza a ƙofar gida. Ta shigo ta ga kwanukan maƙwabta a jere, murhu a mace, ba yaro ko ɗaya. Sannan ta gan ni a zaune a bakin ɗakinsa. Sai ta cire takalmi, ta durƙusa, ta dafa gwiwata.

"Innalillahi. Ashe haka Allah ya yi? Wallahi ba mu ji ba. Ya haƙuri? Mutumin kirki, bai taɓa tauye mana mudu ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Daga bayan labule, a hankali, muryar Malam ta ce, "Amin."

Matar nan ba ta yi ihu ba. Miƙewa ta yi tana ja da baya, idonta a kan labulen, har ta bugi turmin da na kife. Ta fita ba takalmi. Sai daga baya aka bi ta da su har tasha.

Na shiga ɗakin. Na durƙusa a gefen gado.

"Malam, don girman Allah ka bari. Kana da rai. Ga ka nan kana magana."

Ya kalle ni da tausayi, tun daga kai har ƙafa.

"To in ina da rai, takabar wa kike yi?"

Na tafi ɗakina na jawo madubin nan, na warware zanen. Matar da na gani a ciki na san ta. Haka Inna ta zauna lokacin da mijinta ya rasu ina yarinya: kai ba kitso, ido fari fat, kunne ba komai, hijabi ruwan toka. Na juya na kalli tsakar gidan da idon baƙo. Gidan da ba a daka, ba a girki, ana kawo abinci daga waje, maza suna addu'a a ƙofa, mata suna raɗa. A garinmu gida iri ɗaya ne yake zama haka. Mutum yana kwance yana farkawa cikin wannan kullum, kuma duk wanda ya tambaya me ke damunsa sai ya kau da kai.

Na kira Inna. Da sassafe ta hau mota daga Fagam, ta iso da ƙullin lalle da kibiyar kitso a jaka. Ta tsaya a tsakar gida ta dube ni.

"Ke 'yar nan, ko ni da na yi ta gaske ban yi muni haka ba. Kawo kujera."

Na ce, "Inna, ina jin kunya. Mutane suna shigowa. Me za su ce?"

"Su ce. Zauna."

Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa min hannu da ƙafa, ta hau kaina da kitso. Ina zaune hannuwa a ɗaure cikin leda, kunnena yana ɗakin Malam, ina tunanin idan ya kira yanzu yaya zan yi, idan kuma ya cika ina cikin ƙunshi, da wane ido zan kalli danginsa. Kamar an aiko ta, sai ga ƙanwarsa ta shigo da kwanon fura. Akwai wasa tsakaninmu tun ina amarya, amma ranar ban san ko wasa ne ba. Ta ajiye kwanon ta riƙe ƙugu.

"Iye! Amarya, ina angon? Ba a ko bari ɗan'uwan nawa ya gama ba?"

Inna ba ta ɗaga kai ba. "Angon yana ɗaki, 'yata. Ke kuma tun da kin zo, ɗaga turmin can ki wanke."

"Inna, ai an hana daka a gidan nan."

"Wa ya hana?"

Ta nuna ni da baki.

"To na ɗage."

Bayan la'asar aka kwance ƙunshin. Lallen ya kama sosai. Na wanke hannun har sau nawa, don kada warinsa ya tayar masa da zuciya. Na sa kwalli, na mayar da 'yan kunne, na ɗaura atamfa mai ganye-ganye da ya saya min wata sallah. Turare ne kawai ban sa ba. Na ɗauki kunu na yi sallama na shiga.

Ya daɗe yana kallona. Na ga idonsa ya sauka kan hannuna, ya koma kan kitson da ya leƙo ta goshi. Na ce a raina an gama.

Ya ce, "Ashe har kin fita. Kwanaki sun yi nisa haka?"

Na matso da kwanon kusa da gado, shi kuwa ya ci gaba.

"Wa ya fito? In mutumin kirki ne ki yarda. Kada ki zauna saboda ni. Ya dai riƙe min yaran."

Na ajiye kwanon a ƙasa don kada ya suɓuce. Na tuna Yaya a barandar asibiti, na tuna na ce masa to. Ni ba na saɓa maganar babba, ban saba ba. Kuma idan shi ne mai gaskiya fa, idan ƙanensa ya ji ya saki jiki? Amma mutumin da yake ba da matarsa aure, wane sakin jiki ne ya rage masa? Na hau gadon na zauna, abin da na daina yi don kada in motsa masa ciki. Na kama fuskarsa da hannu biyu.

"Malam, ba ka mutu ba. Ciwon daji ne a hanjinka. Likitan Kano ne ya faɗa mana, ni da Yaya. Ruwan da ake ɗaura maka na shi ne. Yaran suna Fagam saboda tari. Tuwon da ake kawowa don na daina girki ne, ƙamshi yana sa ka amai. Mutanen ƙofar gida dubiya suke zuwa. Ni kuma ƙazanta ce kawai da rashin lokaci."

Can nesa na ji kukan kurciyar nan.

"Daji?"

"Daji."

"Irin na mai shayin bakin tasha?"

"Irinsa."

"Ai shi ya daɗe yana yawo da nasa." Ya lumshe ido ya buɗe. "To shi ne kowa yake raɗa? Shi ne ina tambaya ana kallon bango?"

"Shi ne."

"Wa ya ce a ɓoye min?"

Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Yaya ne ko? Cikinsa ne ko nawa?" Ya yunƙura zai tashi, ya kasa, ya bugi katifa da tafin hannu. "Ina nan kwance ina ta haddace amsa, ashe ni ake wa wayo a gidana! Ke ma da ke aka haɗa baki."

Rabona da in ji ya ɗaga murya tun kafin Kano. A daidai lokacin Inna da ƙanwarsa suka saki taɓarya a tsakar gida. Ya runtse ido, ya dafe kai. Na miƙe zan je in hana su.

"Ƙyale su," in ji shi. "Mene ne a kwanon?"

"Kunu."

Ya sha ludayi ɗaya ya yamutsa fuska. Ya ce ya huce, kuma ba tsamiya, wa ya koya min dama kunu haka? Na ruga na sake damawa, ina sauri har na ƙona yatsa. Ya sha kusan rabi, bai dawo da shi ba.

Yaya ya yi fushi da ni sosai. Ya daɗe idan na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ban ga laifinsa ba, kuma har yanzu wani lokacin nakan tambayi kaina ko da na fara neman izininsa. Aka naɗe tabarmin ƙofar gida, masu dubiya suka koma shiga ɗaki bi da bi, suna yi masa magana shi da kansa. Tarin ƙaramar ya warke, yaran suka dawo. Gwajin farko jinin bai kai ba. Muka ci gaba da kunun gyaɗa da zogale da romon hanta, ludayi bayan ludayi, yana mita ina lallashi. Na gaba ya kai, muka hau motar Kano.

Ruɗanin bai tafi gaba ɗaya ba. Wani lokacin da tsakar rana, idan yara suna makaranta, gari ya yi tsit, sai ya farka ya yi ta kallon rufi. Ba ya tambayar komai. Hannu kawai yake miƙo min. In ba shi nawa, ya juya tafin, ya kankari lallen da farce, ya duba da kyau. Idan ya fara koɗewa, ranar abincinsa yakan ragu. Don haka ban ƙara bari ya koɗe ba. Duk daminar nan ina cikin ƙunshi, har tafin hannuna ya yi baƙi ƙirin ya fara tsagewa, mata suna kallona a layin asibiti.

Wata rana ya riƙe hannun ya fi kullum daɗewa.

Na ce, "Jiya na sake shi, Malam. Sabo ne."

Ya ce, "Na gani. Miƙo kwanon."